Kaboyin da: dariya, soyayya da ramuwar gayya a ƙwarya ɗaya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce saura kaɗan mu ɓata da ɗan yayata a kan fim ɗin da ya girmi uwarsa. Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kunna masa Cat Ballou a laftof, fim ɗin kaboyi ne na 1965, ana cikin kallo sai ya ɗago ya ce, "Kawu, wai don Allah wannan fim ɗin barkwanci ne ko na ɗaukar fansa? Yanzu fa aka harbe mata uba, ga wani mashayi ya shigo wajen gawar yana waƙa." Na ce masa, "Kai dai zauna ka gani, ɗana." Ya zauna ɗin amma daga ganin fuskarsa bai gamsu ba, a wurinsa masu fim ɗin ba su san inda suka dosa ba, sun haɗa gishiri da sukari a tukunya ɗaya. Tun daren nake ta juya maganar a raina, don ba shi kaɗai ba ne, na sha jin irin ta a bakin samarin da suka tashi da fina-finan ramuwa na yanzu, irin wanda jarumi zai fito fuska a murtuke tun daga farko har ƙarshe, ya kashe mutum saba'in ko tamanin, ba ya dariya, ba wanda ke zolayarsa, ba wadda yake so sai dai wadda ta riga ta mutu kafin a fara fim ɗin.

Ni kam na daɗe a kan ra'ayina kuma ba na jin zan sauka: wannan gamin-gambizar ita ce mutuncin tsofaffin fina-finan kaboyi. Idan fim zai nuna maka mutum yana rama abin da aka yi masa, to wajibi ne ya fara nuna maka rayuwar da ramuwar za ta cinye, wato hirar da ake yi, da shashancin abokai, da yarinyar da ke jira, in ba haka ba an sayar maka da ramuwa da araha ke nan, ka tashi daga kallo kana ganin kamar kisa abu ne mai tsabta da ake yi a karkaɗe riga a wuce.

Mu da muka taso a Kano ba baƙin kaboyi ba ne. An buɗe silimar Rex tun 1937, Palace kuma a cikin birni a 1952, kuma kafin fina-finan Indiya su zo su ƙwace kasuwa kaboyi na cikin abin da iyayenmu suka fi kallo. Ni na riski ƙarshen zamanin ne, yayana ke riƙe hannuna mu shiga, silima ba rufi, sama a buɗe, ana kallo ana ihu ana ba akta shawara kamar yana ji. Ba Turanci muke ji ba balle mu bi magana, abin da muka sani shi ne ga akta ga bos, kuma akta ba ya mutuwa. Amma abin da na fi tunawa har yau ba harbin ba ne, dariyar ce, yadda ɗaruruwan mutane za su kwashe da ita lokaci ɗaya sannan bayan minti biyar wurin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke don an kashe wani da muke so. Ba wanda ya taɓa tashi ya ce a mayar masa da kuɗinsa don an haɗa masa dariya da mutuwa.

Bari in koma kan wannan mashayin da ya ba ɗana haushi. Labarin dai a jihar Wyoming ta Amurka ne a 1894, Jane Fonda ce ta fito a Cat, yarinya mai kunya da ta gama karatun malanta ta dawo gida ta tarar wani kamfani na neman ƙwace gonar mahaifinta saboda ruwan da ke cikinta, sun ɗauko ɗan bindigar haya mai hancin azurfa suna razana shi. Ita kuma ta aika da kuɗinta a kira mata wani shahararren ɗan bindiga, Kid Shelleen, wanda a littattafan labari ta san jarumtarsa. Da ya iso sai ga tsoho a buge, wandonsa na zamewa, ko bangon rumbu ba ya iya samu da harsashi sai ya kurɓa. Aka kashe uban a gabanta. A wajen gawar an kunna kyandir, mutumin nan ya shigo da tangaɗi, ya ga kyandir sai ya ɗauka bikin ranar haihuwa ake, ya rera waƙar ya hure wutar. Za ka yi dariya, dole ne, amma dubi fuskar yarinyar a wannan lokacin. Duk abin da ta dogara da shi ya watse, hukuma ta juya mata baya don kamfanin ne ke juya garin, jarumin da ta saya da 'yan kuɗinta kuma ga shi nan bai ma san a wajen makoki yake ba. Wallahi ban san wata hanyar da za a nuna kaɗaicin marainiya ta fi wannan ciwo ba. Da kuka kawai aka nuna tana yi da tuni na manta.

Lee Marvin ne ya fito a mashayin, kuma shi ne dai ya fito a makashin mai hancin azurfa, sai can gaba kake gane ashe 'yan'uwan juna ne, ɗaya ya kashe ɗaya. Da wannan rawar ya ci Oscar a 1966, ya kayar da manya irin su Laurence Olivier da Richard Burton, kuma a wajen karɓar kyautar ya ce rabinta na dokin da ya hau ne, don akwai wurin da shi da dokin duk suka jingina da bango kamar tare suka sha, dokin har da harɗe ƙafa. Akwai kuma mawaƙa biyu, Nat King Cole da Stubby Kaye, da ke bi ta cikin fim ɗin da abin kiɗansu suna ba da labari kamar maroƙan da ke bin ango, ba wanda ya ce musu ku tafi. Nat King Cole yana fama da ciwon dajin huhu lokacin, ya rasu a Fabrairun 1965 kafin fim ɗin ya fito. Abin da nake so a lura da shi shi ne abin da ya biyo bayan ramuwar. Cat ta kai ga shugaban kamfanin, ya mutu a hannunta, sai mutanen garin da ke jiran kamfanin ya ba su aiki suka tsane ta, suka taru suna jiran kallon ratayarta kamar ranar sallah. Ta tsira dai a ƙarshe, abokanta sun sace ta daga bakin igiya, amma uban bai dawo ba, gonar ba ta dawo ba, malamar makaranta ta zama 'yar gudun hukuma ita da saurayinta ɓarawon shanu.

Wanda ya fi shi zama a zuciyata shi ne Destry Rides Again na 1939, baƙi da fari, James Stewart da Marlene Dietrich. Gari ne mai suna Bottleneck, 'yan caca sun kashe sherif, wato shugaban 'yan sandan garin, suka naɗa mashayin gari a madadinsa don su ci karensu ba babbaka. Shi kuma tsohon sai abin ya taɓa masa zuciya, ya ajiye kwalba, ya aika a kira masa Destry, ɗan tsohon ubangidansa, yana zaton zaki zai zo. Keken doki ya tsaya, saurayi dogo siriri ya sauko riƙe da laima da kejin tsuntsu na wata matafiya da yake taimaka wa, gari ya fashe da dariya. Ya shiga mashaya ya ce a ba shi madara. Aka tambaye shi bindigarsa ya ce ba ya ɗauka. Rabin fim ɗin ana yi masa dariya ne, kai ma mai kallo kana taya su, sai a hankali ka ji dalilinsa: mahaifinsa gwanin harbi ne da ba na biyunsa, da bindigoginsa a ƙugu aka harbe shi ta baya, bindigar ba ta tsinana masa komai ba. To shi ya zaɓi ya bi doka, ya tara shaida, ya kai mutum gaban alƙali.

Sai ga shi an harbe tsohon nan ta baya shi ma, a cikin ofishinsu, bayan ka shafe awa guda kana dariyar yadda rigarsa ke fita daga wando Destry na mayar masa da ita. A nan ne saurayin ya ɗauko bindigogin ubansa ya ɗaura. Duk lokacin da na kalli wurin nan ba murna nake ji ba, jikina ne ke yin sanyi, don na san abin da ya karye a cikinsa. Kuma ai fim ɗin bai bar shi ya ci nasara shi kaɗai ba, matan garin ne suka fito da sanduna da tsintsiya da kayan girki suka shiga tsakanin masu bindiga suka cika mashayar. Ita kuma Frenchy, mawaƙiyar mashayar da ta taya 'yan caca cutar mutane tun farko, wadda suka fara da faɗa har tana jifansa da kwalabe, ita ce ta tare masa harsashi da jikinta. Da can ya taɓa ce mata akwai kyakkyawar fuska a ƙarƙashin kwalliyar nan, to tana cikin mutuwa a hannunsa sai ta sa hannu ta goge jambakinta. Ka cire barkwancin da suka yi ta yi da juna, ka cire wannan soyayyar da ba a ma furta ta ba, me ya rage? Wata mata ta mutu a mashaya, shi ke nan.

Na san wasu za su kawo maganar Terence Hill da Bud Spencer, su ce ai su kam wasa ne zalla. Haka ne, They Call Me Trinity na 1970 ramuwa ba ta da yawa a cikinsa, kuma Italiyawa ne suka yi shi ba Amurkawa ba, sunayensu na gaskiya ma Mario Girotti da Carlo Pedersoli. Wanda ya ga yadda Trinity ya share kaskon wake shi kaɗai da burodi ba zai manta ba. Ina son sa, amma ba a kansa na kafa hujjata ba.

Hujjar da ta fi kusa da mu tana Indiya. Wa ya isa ya ce Bahaushe ba ya son a haɗa masa dariya da soyayya da fansa alhali ga Sholay? Ya fito a 15 ga Agustan 1975, kuma duk wanda ya san kaboyi ya san daga can aka ɗebo shi, dawakai, duwatsu, harin jirgin ƙasa, har yadda Gabbar ya kashe iyalan Thakur an ɗauko salon ne daga Once Upon a Time in the West na Sergio Leone, 1968. Amma me mutane ke tunawa? Dharmendra, wanda 'yan silimarmu suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, a saman tankin ruwa yana rantsuwar zai faɗo in ba a ba shi Basanti ba, da surutun Basanti da ba ya ƙarewa, da Amitabh, wanda ya fito a Jai, yana busa ɗan abin busarsa da daddare bazawarar nan mai fararen kaya tana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya. Saboda waɗannan ne mutuwar Jai ta girgiza mutane, akta ya mutu, abin da muka ce ba ya faruwa. Ramuwar ta Thakur ce, amma wanda ya biya kuɗinta saurayi ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, da matar da ta sake rasa mai sonta karo na biyu. Har ma hukumar tace fina-finan Indiya ta hana a nuna Thakur ya kashe Gabbar kamar yadda aka ɗauka da farko, sai aka canza 'yan sanda suka zo suka kama shi. Shekara biyar fim ɗin ya yi ana nuna shi a silimar Minerva a Bombay.

To amma ba zan zauna in yi ta yabo kamar ba su da laifi ba, suna da shi, kuma babba. Dattawa sun daɗe suna cewa kaboyi ya lalata yara, kuma ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. A Nijar ma Moustapha Alassane ya yi fim a kan haka tun 1966, Le Retour d'un aventurier, saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka canza sunaye, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Mutumin ya ga abin da idonsa ne kafin ya ɗauka. Sai dai in ka duba abin da samarin suka kwaikwaya, hula ce da tafiya da zare bindiga, ɓawon suka ɗauka, ba wanda ya dawo daga silima ya ce shi Destry ne zai sha madara ya kai ƙara kotu.

Laifin da ya fi damuna wani ne daban, shi ne su wa ake yi wa dariyar. A The Searchers na John Ford, 1956, wanda masana ke sawa a sahun farko na fina-finan kaboyi, John Wayne ya shafe shekara biyar yana neman 'yar ɗan'uwansa da 'yan ƙabilar Comanche suka ɗauke, zuciyarsa cike da ƙiyayya har yana da niyyar kashe yarinyar don ta zama tasu. Fim ɗin ya nuna muninsa, a ƙarshe ma kowa ya shiga gida shi ya tsaya a waje ƙofa ta rufe. Amma a tsakiya akwai wata baiwar Allah 'yar ƙabilar da abokin tafiyarsa ya saya a matsayin mata bisa kuskure, ta zo ta kwanta kusa da shi ya sa ƙafa ya haure ta ta gangara, John Wayne na ƙyalƙyala dariya, kuma an shirya wurin ne don kai ma ka yi. Daga baya a ga gawarta sojoji sun kashe ta. Ni na yi wannan dariyar ina yaro, kamar yadda duk muka riƙa tafi in sojojin doki sun iso suna karkashe waɗanda muke kira Indiyawan daji. Ba daji suke ba, ƙasarsu ce aka ƙwace. A Disambar 1890 a Wounded Knee sojojin Amurka sun kashe 'yan ƙabilar Lakota tsakanin 150 zuwa 300, da yawansu mata ne da yara. Mu da Turawa suka ci da yaƙi a 1903 muna zaune muna yi wa mai ƙwace ƙasa tafi, wannan abin har yau yana min ciwo. Don haka ba kowace dariya nake karewa ba. Wadda ke sa ka ƙaunaci mutum kafin a rasa shi daban, wadda ke mayar da mutum ba komai ba don kashe shi ya yi sauƙi daban, kuma duk biyun suna cikin fina-finan nan, wani lokacin a fim ɗaya. Yaron da za ka nuna wa sai ka zauna kusa da shi ka rarrabe masa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi haka, mu ramuwa ba a fim kawai muke ganin ta ba. Kaboyi fa makiyayi ne, ɗan kiwon shanu a kan doki, kuma rigimar da ke ƙarƙashin yawancin labaran nan ta ruwa ce da makiyaya da shinge. Tun da aka yi rajistar waya mai ƙaya a 1874 aka fara killace filayen da kowa ke kiwo, a 1892 kuma a gundumar Johnson ta Wyoming manyan masu shanu suka yi hayar 'yan bindiga daga Texas su kashe ƙananan makiyayan da suke zargi da sata. Duk ɗan Zamfara ko Katsina da ya ji wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Muna cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, muna faɗa da alfahari, alhali mun ga ƙauyukan da aka fara da saniya ɗaya aka ƙare da kaburbura. Yaron da ya tashi a cikin wannan, in duk fim ɗin da ke wayarsa yana gaya masa mai rama gayya ba ya asarar komai, ni ina ganin an ƙara masa fetur ne. Na fi so ya ga wanda ya rama ɗin kuma ya rasa abokin hirarsa da matar da yake so.

Shi ya sa nake roƙon masu fassara fina-finai zuwa Hausa, da suka cika mana waya da na Indiya da na Koriya da na Turkiyya, su waiwayi waɗannan tsofaffin, kuma don Allah in za su yi kada su yanke waƙa da barkwanci wai don a gaggauta zuwa wajen harbi. Masu rubuta labarin Kannywood ma akwai abin ɗauka, don sau da yawa in an sa ɗan barkwanci a fim sai ka ga nasa daban labarin daban, ya zo ya yi abinsa ya tafi, ba ruwansa da wanda zai mutu. A wancan salon mai ba ka dariyar shi ne wanda za a ɗauke maka.

Washegari da yamma ɗan yayar tawa ya dawo da kansa, ya ce in kunna masa ɗayan da na ce, baƙi da farin. Ya yi dariyar laima da kejin tsuntsu har da buga ƙafa. Da aka zo wurin da aka harbi tsohon sherif sai ya ajiye wayar da yake ta latsawa, bai sake ɗaukar ta ba har aka gama. Da na rufe laftof ɗin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, da ma bai aika an kira shi ba, da tsohon nan yana nan da ransa."